Zuwa Ga Batirin Tsohuwar Mota

Malam Batir,

Da fatan kana nan lafiya a ɗan lungun da aka ajiye ka, tsakanin zafin inji da ƙurar hanya. Dalilin wannan takarda shi ne in tsaya maka shaida a bainar jama'a, domin duk cikin kayan mota ban ga wanda ake yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba kamarka.

Ka fi kowa sanin yadda shari'ar take tafiya. Tsohuwar Golf ta taso daga Haɗejiya bayan isha'i, an danƙare but da kwalayen bandar kifi, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ta miƙi hanyar Gujungu. Ta daki wani rami, sai komai ya ɗauke lokaci guda: fitilun gaba, wutar dashbod, rediyon da ke ta surutu, har da injin. Direba ya lallaɓa ya sauka gefen titi, ya murɗa makulli, ko ƙyas. Tun bai buɗe bonet ba fasinjan gidan gaba ya riga ya gama magana: "Direba, batirinka ne." Na baya su ce ƙwarai kuwa. Gari na wayewa a tura yaro ya hau acaɓa ya sayo sabo, a tumɓuke ka, a ɗaura shi, mota ta tashi bugu ɗaya, kowa ya ce ai dama mun faɗa.

Abin da ba wanda ya kula da shi shi ne, garin sauya ka an kwance kan batir, an kankare shi, an mai da shi an ɗaure tamau. Gyaran ke nan gaba ɗaya. Sifana mai lamba 10 ce ta yi aikin, sabon batir ya kwashe yabo, direba kuma ya biya kuɗin da zai ishe shi man kwanaki. Kai kuwa mai shago ya karɓe ka, ya rage wa direban wani abu, ya ba ka caji ka kwana, ya goge maka jiki, jibi ya sayar da kai ga wani direban a matsayin na hannu mai lafiya. Kuma bai yi ƙarya ba, lafiyarka ƙalau. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Hujjata ta farko halinka ne, wanda bai sauya ba tun da Gaston Planté ya haɗa darma da ruwan asid a Faransa a 1859. Ɗakuna shida ne a cikinka, kowanne na ba da bolt 2.1, a haɗa su a samu 12.6 in kana ƙoshe. Kai ba ka mutuwar fuju'a sai nadiran. Jinya kake yi, kuma kana faɗa. Da sanyin asubar hunturu kik zai riƙa juya inji da kyar, fitila ta yi ja in an tsaya, hon ya dushe, a fara ajiye mota a kan gangara saboda turi. Makonni kake yi kana wannan koke. Haka ma in altaneta ce ta daina ba ka caji, ko fanbel ya tsinke: jar fitila mai hotonka za ta kama a dashbod, motar ta ci gaba da tafiya da abin da ka tara, haske na raguwa sannu a hankali, waifa na jan jiki, inji ya fara tari, sannan ya mutu. A yawancin tsofaffin motoci bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka allurar zafi ma za ta tashi ta ba da tata shaidar. Duk wannan da sanarwa yake zuwa. Amma motar da take da haske tar yanzu, ƙiftawar ido ta koma duhu, ba wutarta ce ta ƙare ba. Hanyar wutar ce ta yanke.

Mu mutanen fadama bai kamata wannan ya ba mu wahalar ganewa ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta cushe hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana. Manomin da ke can ƙasa in ya ga ruwa bai iso gonarsa ba, ba ya cewa Tiga ta ƙafe. Adda yake ɗauka ya bi magudana har ya iske inda ta toshe. Abin da nake roƙon direbobi da masu wayarin su yi maka ke nan. Bambancin kawai, taka wutar sai ta je ta dawo. Tana fita ta ƙahonka mai alamar tarawa, ta bi jar waya mai kauri, ta yi aikinta a fitila ko kik, sannan ta biyo ƙarfen jikin motar ta koma ƙahonka mai alamar ɗebewa ta wata gajeruwar waya da masu wayarin ke kira at. Ko'ina aka yanke a wannan zagaye, sakamakon ɗaya ne.

Abin daɗin shi ne, wuraren da za su iya kashe mota ɗungurungum ba su da yawa. Wayoyin mota sun fi a ƙirga, amma kusan dukkansu rassa ne. In ɗaya ta tsinke, fitila ɗaya ce za ta mutu, ko waifa, ko rediyo. Inda duk wutar ke bi ta ƙofa ɗaya bai wuce kan batir biyu, da wayar at, da babbar jar waya tare da babban fiyus in motar na da shi, sai swicin makulli. Duk mai wayarin da aka kawo wa motar da ta ɗauke gaba ɗaya ya fara da farke dashbod yana zaro wayoyi kamar mai neman allura, to ko bai san aikin ba, ko yana son a ga ya sha wahala kafin a yi ciniki.

Tambayar farko ba ta bukatar ko filaya. A zare makulli, a danna abin da ba ruwansa da makulli: fitilar rufin ciki, da sigina mai ƙyaftawa gefe biyu. In sun kama, ba su kuma ɗauke ba sa'ad da aka murɗa makulli, to kai da kawunanka da at kun fita daga zargi, a koma wajen swici. In su ma shiru, laifin yana jikinka, ko a wayar at, ko tsakaninka da akwatin fiyus. A nan akwai tarkon da ke kama waɗanda suka saba da motocin Japan. A yawancinsu hon da fitilun gaba na aiki ko babu makulli, amma a tsofaffin Golf sai an murɗa makulli suke samun wuta. Wanda ya danna hon ɗin Golf ya ji shiru bai gano komai ba tukuna.

Daga nan sai hannu. A kama kan batir, wato maɗaurin da ya rungumi ƙahonka na darma, a gwada murɗa shi. In ya juya, an gama bincike. Sau da yawa ma ido kaɗai ya isa: farin gari ko kore ya tsiro a kansa, ko a tarar da ƙusar da wani ya buga tsakanin maɗauri da ƙaho don ya cike gibin da shekaru suka ci. Ƙusar nan da dutsen da ake ƙwanƙwasa maka a kai sun tashi motoci da yawa, ban musa ba, sai dai kowane bugu na sassauta ƙahon daga inda aka dasa shi, tururin asid ya samu kafar fita, garin ya ƙara tsirowa. Maganin yau ne ke haifar da ciwon wata mai zuwa. Ruwan zafi da ɗan jiƙon kanwa na wanke garin tas, domin kanwa na kashe kaifin asid, muddin ba a bari ya zurara cikin ɗakunanka ba. Sai a kankare ciki da waje har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure, a shafa giris a bisa.

Akwai wata alama da nake so kowane direba ya haddace, don ita ce ta fi jawo maka sharri. An sa makulli, dashbod ya kama wuta lafiya lau. An murɗa don tayarwa, sai a ji ƙas sau ɗaya, komai ya ɗauke. An jira kaɗan, ko an rufe ƙofa da ƙarfi, wuta ta dawo. Lissafin a fili yake. Fitilar rufi ba ta shan ko amfiya ɗaya, kik kuwa yana zuƙar sama da 100, wani lokaci ya haura 200. Mahaɗar da ta rage saura ɗan wuri kamar bakin allura za ta iya ciyar da fitila, amma da kik ya nemi nasa sai wurin ya yi tartsatsi ya ƙone. In an taɓa kawunan bayan an gwada tayarwa, wanda ya yi zafi shi ne mai laifi. Mahaɗa mai lafiya ba ta zafi.

In hannu da ido ba su gano ba, sai a ɗauko kayan aikin da na fi girmamawa a duk garejin: ƙwan fitilar birki mai wat 21 da aka liƙa wa waya biyu. Na fifita shi a kan mita a wannan aiki, domin mita ba ta shan wuta, tana iya nuna 12.6 ta cikin silin waya guda da ya rage, ta ruɗi mutum. Ƙwan kuwa yana jan kusan amfiya biyu, in hanya ba ta da kyau zai yi ja ko ya ƙi kamawa. A fara ɗora wayoyinsa a kan ƙahonninka biyu, a kan darmar kanta. Ya kama tar? To kana da rai. A matsa kan maɗauran. A bar waya ɗaya a tarawa, a kai ɗayar jikin mota inda babu fenti, sannan jikin inji. A juya, a bar ɗaya a ɗebewa, a bi jar waya da ɗayar: kafin babban fiyus, bayansa, bakin akwatin fiyus, bayan swici. Tsakanin inda ƙwan ya kama na ƙarshe da inda ya fara ƙi, nan ɓarnar take. Yaron gareji mai wata uku zai iya wannan in an nuna masa sau ɗaya. Masu Golf ma Jamusawa sun sauƙaƙa musu: duk waya mai ruwan ƙasa at ce, lambarta 31, ja mai lamba 30 na da wuta dare da rana, baƙa mai lamba 15 sai an murɗa makulli.

Bari in daɗe kaɗan a kan wayar at, don a ƙasarmu ita ce ta fi cancantar zaman kotun da ake sa ka. Ba wanda ke ganinta. Tana maƙale can ƙasa, kusoshinta ɗaya a jikin mota, ɗaya a jikin giya ko inji, inda duk ruwan da taya ta watsa yake sauka. Motocin nan da muke kira Baljiyam sun riga sun yi shekaru a ƙasashen da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara, suka sauka a Kwatano ko Legas da tsatsarsu a ɓoye. Sannan muka kawo su fadama. A damunar 2020 da ta 2022, sa'ad da ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, matasan Haɗejiya na kwana a kan jinga da buhunan yashi, motocin haya ba su daina aiki ba. Sun riƙa kutsawa cikin ruwa har ƙofa, domin mutane na bukatar fita da kayansu. Motar da ta tsallake ruwa ba ta mutu ba, direba sai ya yi hamdala ya manta. Amma ruwan ya riga ya shige ƙarƙashin robar wayar, ya kwanta tsakanin silin tagulla yana ci a hankali. Daga waje waya sumul, a tsaga robar a tarar da kore kamar kuka. Ba za ta nuna ba sai bazara, a kan burjin da ke shiga ƙauyukan masu tattasai, inda girgiza za ta ƙarasa 'yan silin da suka rage. A lokacin wa zai tuna da ruwan watan Satumba? Sai a ce batir ne.

Wani lokacin kuma hannun mutum ne. An sauke giya don sauya kuloc, aka mayar, aka manta da kusar at ko aka bar ta sako-sako. Ko mai fenti ya fesa wa ɗakin inji sabon launi, aka ɗaure wayar a kan fenti, alhali fenti ba ya wuce wuta. In ta ɓangaren inji ce ta yanke, fitilu za su kama amma kik ya ƙi, wutar kuma ta nemi hanyar komawa ta wayar totur ko ta kuloc, har ta narka su. In ta ɓangaren jiki ce, duhu ne gaba ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: a ɗauko wayar jam, a haɗa ƙahon ɗebewa da ƙarfen mota kai tsaye. In komai ya farfaɗo, an kama ɓarawo.

Babban fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. Motocin Japan na da shi dab da kan tarawa, Golf 4 na da nata a wani ɗan akwati a bisa kanka, wanda shi kansa yakan yi zafi ya narke. In ya tsinke, ko dai an juya kawuna wajen ɗaura batir ko wajen jam, ko jar waya ta goge a jikin ƙarfe ta yi tsirara. Mai wayarin da ya naɗa silin waya a gurbinsa bai nemo dalili ba, ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma abin da zai biyo baya hayaƙi ne daga ƙarƙashin bonet. Wasu tsofaffin motocin Turai ma ba su da wannan fiyus ɗin sam, don haka a wurinsu jar wayar da ta goge gobara ce kai tsaye. Swicin makulli kuwa tsufa ke kama shi, Golf 3 ta yi suna a kan haka, balle an rataya masa tarin makullan gida da na shago, an kuma jona masa ƙarin fitilu da manyan lasifika. Alamarsa, a girgiza makulli wutar dashbod ta dawo. Kada kuma a manta da ɗan swicin ɓoye da wani tsohon mai motar ya sa saboda ɓarayi, ya sayar da ita bai faɗa wa kowa ba.

Kada ka ɗauka na mai da kai waliyyi. Akwai ranar da kai ne. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Yana ƙafar da ruwanka, yana cin farantanka. In kuma an bar ka ba maɗauri, ko an ɗaure ka da tsohuwar robar tib kana tsalle a kowane rami, gadar darmar da ke haɗa ɗaki da ɗaki a cikinka tana iya tsagewa, ka ɗauke farat ɗaya. Wannan ƙwan fitila zai tona shi tun a gwajin farko. Mita kuma na da ranarta a nan: 12.6 ƙoshi ne, 12.2 rabi, wajen 10.5 ɗaki ɗaya ya mutu, in inji na aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta na sauke nauyinta. Abin da nake nema kawai a gwada kafin a yanke.

Gwaji ɗaya ne nake roƙon a daina, wato cire maka kai inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A zamanin Fijo 404 da farkon 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mota ba ta da kwamfutar da za ta lalace, shi ya sa dabarar ta samu gindin zama. Motar injekta daban ce. Kai ne ke shanye hauhawar wutar altaneta. In aka cire ka, wutar kan yi tsalle ta ninka, ta ƙone diyod ko ta taɓa kwamfutar inji, a tashi daga gyaran sifana a koma neman kaya a Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan ne ma ya sa sakakken kan batir ya fi haɗari fiye da yadda ake zato: kowane rami gwajin nan yake maimaitawa, altaneta ta riƙe injin na ɗan lokaci fitilu na rawa, sai an rage gudu komai ya mutu.

Saura kalma biyu ga wanda abin ya rutsa da shi da dare, tunda kai ba ka da bakin faɗa masa. Kada ya murɗa makulli baya har sitiyari ya kulle mota na tafiya. Birki zai ba shi taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan sai ya sa ƙarfi. Ya fitar da motar daga kwalta gaba ɗaya, ko da turi ne, fasinjoji su sauka su yi nisa, domin hanyar Nguru da ta Gumel manyan motoci ke bi da dare, kuma motar da ba ta da wuta ko sigina ba ta da shi. Ganyen da muke zubawa a titi ba ya ƙyalli. Alamar nan mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, ranarta ke nan. Ya haska ka da tocilan ko waya, ban da ashana da sigari, saboda iskar haidurojin da kake fitarwa tana kamawa. Ya cire zoben azurfarsa. In zai kwance ka ya fara da ɗebewa, in zai mayar ya ƙare da ita, don in sifana ta haɗa tarawa da jikin mota alhali at na ɗaure, walda za ta yi a hannunsa.

Ran da ƙwan fitila ya tabbatar ka mutu da gaske, ina da roƙo ɗaya ga wanda zai kai ka wurin 'yan gwangwan: ya kai ka da ruwanka a ciki, a tsaye, murafunka a rufe. Masu saye darmar suke so, shi ya sa ake tuntsurar da asid ɗin a bayan gareji don a rage nauyi, alhali ruwan nan ɗauke yake da darma, yara na wasa a wurin, kuma a fadamar nan ba a yin haƙa mai nisa ake tarar da ruwan rijiya.

Haza wassalam.

Naka,
Wani mai tsohuwar Golf,
Haɗejiya, Jihar Jigawa.